Inda Rugumau Ya Kwanta

Shekara talatin ina haƙar rijiya a birnin nan,
daga Yakasai har bayan Dala.
Jar ƙasar Gwale na san ta a harshe,
baƙar bakin Jakara na san ta a hanci.
Duk gidan da na kafa diga
sai wani tsoho ya leƙo daga soro ya ce,
"Nomau, sassauta hannu,
Rugumau yana nan ƙasa."

Rugumau, wai, da ya ci gari arba'in da ɗaya,
bai yarda da ƙidayar baki ba,
sai ya sa aka ɓalle ƙyauren kowane gari
mutanen garin suka ɗauko a ka har Kano.
Wai daren da ya mutu makara bakwai aka fitar
ta ƙofa bakwai,
shida guntun giginya ne a cikin likkafani.
Masu ɗauka ba wanda ya dawo cin tuwo,
ba wanda ya bar kwatance ga ɗansa.

Ɗan'azumi majemi ya rantse mini
an tare Jakara kwana uku,
aka sa shi a tsakiya, aka sake ta.
Gambo mai tsofaffin kuɗi a Kurmi ya ce ƙarya ne,
a tsaye yake cikin badala wajen Ƙofar Waika,
shi ya sa masu satar ƙasar gini
sukan zo wani wuri jakinsu ya ƙi matsawa.
Kowa da inda ya ajiye nasa.

Wata shekara wani attajiri ya ɗauke ni aikin dare.
Kuɗin buhu biyu na gero, da fitila,
da takardar da wani ya zana masa a mafarki.
Gindin kuka, bayan Kansakali.
Gaba huɗu na nutsa.
Tsingaro. Muƙamuƙin jaki.
Sai wata 'yar munduwa, kore shar don daɗewa,
yatsuna uku ba su shiga cikinta ba.
Ya juya ta a hasken fitila, ya yi tsaki, ya yar.
Ni na sa a aljihu, na bar shi da haushinsa.

Na kai wa Inna Tasalla a Mandawari,
ido ya tafi, amma hannu yana gani.
Ta daɗe tana shafa ta.
Ta ce, "Ka san su wa suka ɗauko ƙyauren nan?
Kakanninmu ne, wuyansu bai sake miƙewa ba.
Maza suna ta bin makara.
Wa ya tambayi waɗanda aka bari a gida da shara?
Bakwai ɗin duk giginya ne, yaro.
Matan da ya kamo su suka ja shi a tabarma
zuwa lungun da suke bi ɗebo ruwa,
suka haƙa da sakaina da farce,
suka daddaɓe da tafin ƙafa kafin asuba,
suka ɗauki tulu suka bi ta kansa."

Na ce, wane lungu?
Ta yi dariya har tari ya kama ta.
"In faɗa, ku yi masa hubbare, ku share, ku kunna turare?
Bar shi ya san nauyin ƙafa."
Da damina ta rasu, ba ta ƙara ko kalma ba.

Yanzu in na ratsa lungu da yamma,
mai kura yana tura jarkokinsa,
akuya tana tauna kwali,
'yan mata suna dawowa daga niƙa,
sai in ji dunduniyata ta ƙara ƙarfi.
Har yau ana tare ni ana tambayar Rugumau.
Munduwar tana aljihuna.
Yaron da aka sa wa ita,
ban ji wanda ya nemi kabarinsa ba,
ban ji wanda ya tambayi sunansa.